1.41: LAMBAR DA NA KUSA GOGEWA

'Yan uwana ɗaliban Arewa, musamman mu da karatu ya kawo Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsayi, ku yi haƙuri. Tun shekaranjiya nake son in yi shi, kunya ke hana ni, don akwai tonon asirin kai a ciki.

Waɗanda suka san ni sun san ina digiri na biyu a kemistiri, ɓangaren sinadaran ƙarafa. Aikina shi ne in haɗa jan ƙarfe da wani asid ɗan uwan asfirin, in ga me suka haifar, sannan in gano yadda suka zauna da juna. Wata biyar na yi ina wannan haɗin. Sau uku wuta na ɗaukewa ina tsakiyar dafawa, sau ɗaya kuma wani bawan Allah ya zubar min da ruwan da na bari ya tsane, ya zaci dauɗa ce. A ƙarshe dai na samu wani gari kore mai duhu, bai cika cokalin shayi biyu ba. Wallahi ranar kamar an yi min haihuwa.

Saura awo. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ake yi wa irin wannan garin shi ne a ga yadda yake amsa kiran maganaɗisu. Bari in yi bayani don 'yan Shari'a da 'yan Adabi da ke cikinmu. Elektiron a cikin zarra yawanci bibbiyu suke zama, ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon ƙasa, sai su kashe ƙarfin juna. In aka samu gwauro, wanda ba shi da abokin zama, shi ne maganaɗisu ke ja. Jan ƙarfe irin wanda nake aiki da shi gwauro ɗaya gare shi. Lissafin da aka koya mana tun aji uku ya ce gwauro ɗaya 1.73 yake bayarwa, a aikace kuma akan samu 1.8 zuwa sama kaɗan.

Sikelin awon ba ya aiki a sashenmu, sai da na hau mota zuwa wata jami'a a jihar maƙwabta, na biya kuɗin kowane samfur. Ana dura garin a wani siririn bututun gilashi, a yi ta bubbuga shi har ya zauna daram, a auna bututun da komai, a auna shi wayam, sannan a yi lissafi. Na yi. Ya ba ni 1.41. Na zazzage, na sake durawa: 1.43. Na uku: 1.41.

Jikina ya yi sanyi. A motar dawowa ban ce wa kowa uffan ba. Abin da ke raina kawai shi ne gari na ya gurɓata, wata biyar sun tafi a banza. Ga kuɗin makaranta na zangon gaba, ga haya, ga Baba da duk ranar Juma'a sai ya kira ya ce, "To, yaushe za a gama ne?" Bai taɓa gaya min ba, amma ƙanwata ta tsegunta min cewa bijimin da ya sayar bara saboda ni ne.

Da daddare na je Sabo cin tuwo, na haɗu da wani babban yayanmu da ya riga ni gamawa. Na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan ƙanena, kai ma dai da wahalar da kai. Wa zai bi ka har can ya duba? Rubuta 1.82 ka wuce wurin. Ka san amsar da littafi ke so, ba shi abinsa." Ba mugu ba ne, tausayina ya ji. Kuma kada mu yaudari juna, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaji ya san ana yi, har suna gare shi: dafa sakamako.

Na koma ɗaki na buɗe kwamfuta. Na goge 1.41, na rubuta 1.82. Haka ta kwana a teburin har asuba. Abin da ya hana ni barci ba wani tsoron kamu ba ne. Tunawa na yi da Baba yana auna gero a kasuwarmu, yadda yake cika tiya har ta yi tozo ko da yaro aka aiko. Kuɗin wannan tiyar ne suka kawo ni nan, ni kuma ga ni ina tauye mudu. Da na idar da sallah na mayar da lambar yadda take, na ɗauki littafin aikina na nufi ofishin farfesar da ke duba ni, na shirya shan faɗa.

Dattijuwa ce Bayarabiya, duk Mama muke ce mata. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallon shafin. Ta ce, "Malam, sau nawa ka auna?" Na ce uku. Ta ce, "To me ya sa fuskarka kamar an yi maka rasuwa? Wannan ita ce lamba mafi daɗi a duk littafin nan."

Ta jawo takarda ta zana min. A irin wannan haɗin, sau da yawa zarrar jan ƙarfe ba ta zama ita kaɗai. Biyu ne ke zama dab da juna, asid huɗu sun yi musu gada. Sai gwauron wannan da gwauron wancan su ji juna, ɗaya ya juya sama, ɗaya ƙasa, kamar shanun huɗa da kowanne ya ja nasa gefen. Zafin ɗaki yana ɗan wargaza wannan jituwar, shi ya sa lambar ba ta faɗi sifili ba, ta tsaya wajen 1.4. Da za a sanyaya garin sosai, da an ga tana ta zubewa.

Sannan ta ba ni tarihin. A 1951 wani masani ɗan Indiya mai suna Guha ya auna haɗin jan ƙarfe da asid ɗin binega, ya ga in aka sanyaya shi ƙarfinsa raguwa yake yi maimakon ya ƙaru, ya wallafa abin yadda ya gan shi. A 1952 Bleaney da Bowers a Ingila suka ce lallai zarra biyu ne ke haɗe. A 1953 aka haska ƙwayar da hasken eksire, aka same su kuwa su biyun. Daga irin wannan aka gina fanni guda na maganaɗisun molekul, wanda ya kai ga gano, a 1993, cewa molekul ɗaya tak mai zarrar manganis 12 yana iya riƙe maganaɗisunsa in an sanyaya shi ƙwarai. Shi ya sa ake fatan wata rana a riƙa ajiye bayanan kwamfuta a cikin irinsu.

Ta kalle ni ta ce, "Da ka kawo min 1.8, da na tambaye ka yadda aka yi." Ban gaya mata cewa 1.82 ta kwana a kwamfutata ba. Ku na fara gaya wa.

Kada ku zaci an gama. Lamba ɗaya a zafin ɗaki ba hujja ba ce, alama ce kawai. Tabbatarwa sai da na'urar da ake sanyayawa da ruwan hiliyom, mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, ko kuma in samu ƙwaya mai kyau a haska ta. Ta farkon ba ta inda hannuna zai kai. Ta biyun nake nema yanzu, kwalabe shida na jere a lungun kabad, kullum da safe sai na leƙa. Wannan zai ƙara min aƙalla wata biyu, da wata hayar. A kundina kuma "akwai alamar" zan rubuta, ba "na tabbatar" ba.

Ƙannena 'yan ajin ƙarshe da ke shirin furojet, in sakamakonku ya ƙi bin littafi, ku sake awo sau uku, ku rubuta shi da biro, ku kai wa malaminku haka nan. Wataƙila kuskure ne, a gyara. Wataƙila kuma shi ne kaɗai sabon abu a duk aikin.

Jiya Juma'a Baba ya kira. Na ce masa an ƙara wata biyu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba dai wani abin ka yi ba ko?" Na ce a'a. Ya ce, "To shi ke nan, Allah ya yi albarka."

Ku sa ni a addu'a ƙwayoyin nan su fito. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.