Wasiƙa zuwa Galloway: madubin zafi ko madubin dare?

Aminina,

Yaya sanyi? Na san ku a Galloway ruwa ne ya fi addabar ku, mu kuwa nan Inverness dusar ƙanƙara ta riga ta hau kan duwatsu. Saƙonka ya iso. Na yi murna ƙwarai da jin ka kammala horon farautar barewa na DSC2, har sunanka ya shiga rajistar ƙwararrun maharba ta hukumar NatureScot. Allah ya sanya alheri, ya tsare hannunka.

Ka tambaye ni wanne za ka ɗora wa bindigarka tunda za ku fara fita da dare, madubin zafi ko madubin dare. Maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Shawarata ta farko, kada kuɗinka ya fara tafiya kan bindiga. Ka fara sayen na'urar zafi ta hannu, wadda za ka rataya a wuya kana leƙa daji da ita. Ita ce za ta nemo maka barewa, ta ƙirga maka su nawa ne, ta nuna maka inda wadda ka harba ta faɗi a cikin ciyawa. Wanda ba shi da ita, da bindiga zai riƙa leƙe, ke nan duk abin da ya kalla ya auna shi da bakin bindiga, ko tunkiya ce ko mutum. Wannan ɗabi'a ba na son ta kusance ka ko da wasa. Idan ka mallaki ta hannu, rabin tambayarka ya amsa kansa, domin aikin madubin da ke kan bindiga ya koma abu ɗaya: tabbatar da abin da za ka harba, da abin da ke gabansa, da abin da ke bayansa.

Ka san abin da ya kai mu ga aikin dare. Ana ƙiyasta bareyin Sikotland sun kai miliyan ɗaya, kusan ninkin abin da suke a 1990, kuma babu kyarkecin da zai rage su, an ƙarar da shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ka shuka itace, su cinye tohon. Ga rana gajeriya, a Disamba nan wajenmu ƙarfe uku da rabi ta faɗi. Ga bareyin da wayo, musamman irin da ake kira sika, da an matsa musu sai su daina fitowa sai duhu ya yi. Kwamitin da gwamnati ta kafa kan bareyi ya fitar da rahotonsa a 2020 da shawarwari 99, kuma daga ciki aka ɗauki gyaran da aka yi a ƙarshen 2023: aka halatta madubin zafi da na dare a kan bindiga, aka cire lokacin hani ga mazan bareyi, aka sauko da mafi ƙarancin nauyin harsashin manyan bareyi daga giren 100 zuwa 80 domin harsashin tagulla ya samu shiga. Kafin nan fitila ce kawai, mutum ɗaya na haskawa, ɗaya na harbi. Amma ka riƙe wannan: halatta madubi bai halatta dare ba. Daga awa ɗaya bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya kafin fitowarta, sai da izinin NatureScot ƙarƙashin dokar bareyi ta 1996, kuma izinin na wuri ne takamaimai. Ka karanta sharuɗɗan takardar da kanka, kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka a mota.

To, madubin zafi. Shi ba ruwansa da haske, ɗumin da jiki ke fitarwa yake kamawa ya mayar da shi hoto. Ranar da ka fara duba daji da shi za ka riƙe baki: filin da ka rantse babu komai, sai ga bareyi bakwai a kwance fari fat, ga zomo, ga ɓera a gindin itace. Ba ya fitar da wani haske da zai tona ka, kuma idan ka harbi ɗaya sauran suka watse, kana ganin inda kowace ta tsaya. Shi ya sa masu kwangilar da ake nema su kawar da garke cikin dare ɗaya suke ƙaunarsa, kuma ban ga laifinsu ba.

Inda nake da magana da shi, yana nuna maka akwai abu, amma ba kullum yake gaya maka mene ne ba. Kamar ka hango mutum tafe cikin ƙurar hunturu a Kano, ka san mutum ne, amma ko yayanka ne ko baƙo, sai ya matso. Ƙahon barewa idan ya bushe ba jini a cikinsa, don haka ba ɗumi, sau da yawa sai ya ɓace a hoton, namiji ya koma kamar mace. Launin gashi ba ya fita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda lokacin harbin matan jar barewa yana rufewa 15 ga Fabrairu, na matan ƙaramar barewa ro kuma 31 ga Maris, alhali maza a buɗe suke duk shekara. Namijin ro ma yana zubar da ƙahonsa wajen Nuwamba da Disamba, sai ka koma neman ɗan tukkun gashin da mace ke da shi a gindi, abin da madubin zafi ba zai ba ka shi da kyau ba. Ga nisa kuma: hoton a shafe yake ba zurfi, ro da ke kusa sai ta yi maka kama da jar barewa da ke nesa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ba shi da ɗumi. Siririn reshe, wayar shinge, karan ciyawa mai tsawo, duk zafinsu ɗaya da abin da ke kewaye da su, sai su narke cikin hoton. Kai kana ganin barewa fes, ba ka san akwai wayar shingen shuka tsakaninku ba. Harsashi ya taɓa ta ya kauce, maimakon ƙirji ya samu ciki ko muƙamuƙi, dabba ta shiga duhun itatuwa da rauni. Haka bayanta. Dole ka ga ƙasa, tudu ko gangare da zai haɗiye harsashin idan ya ratsa. A daren da aka wuni ana yayyafi, irin naku na Galloway, ƙasa da itace da sama duk sukan zama toka-toka iri ɗaya a madubin zafi, ka kasa gane inda tudu ya ƙare, sarari ya fara.

Kuma dajinku ba kango ba ne. Tun 2009 aka ayyana gandun Galloway wurin kallon taurari saboda duhun samansa, na farko a Birtaniya, mutane suna tahowa takanas da tsakar dare su zauna shiru ba fitila. Dokar 2003 ta ba kowa haƙƙin ratsa daji da kafa tanti. Ga awakin daji a duwatsun, ga tumakin manoma da ke ɓallewa. Mutumin da ya tsuguna cikin rigar sanyi mai kauri, fuskarsa da hannuwansa kawai ke fitar da ɗumi, a bayan reshe ba zai yi kama da mutum ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji ba zan iya ce wa sabon shiga ya fara da madubin zafi a kan bindiga ba.

Madubin dare na zamani kuwa kyamara ce mai tsananin ji da haske, haɗe da tocilar da idon mutum ba ya ganin haskenta. Hoton baƙi da fari ne, amma hoto ne na gaske: ga ƙaho, ga kunne, ga waya, ga reshe, ga ƙasar da ke baya. Idon dabba ma yana ƙyalli. Yawancinsu da rana suna ba da hoto mai launi, ka ga madubi ɗaya ya ishe ka asuba da magariba da dare. Tocilar iri biyu ce. Mai nanomita 850 ta fi kai wa nesa, sai dai bakinta yana ɗan ja kamar garwashi, kuma barewar da ta sha harbi takan lura. Mai 940 ta fi ɓoyuwa, amma hannunta gajere ne. A bakin shuka inda harbinka ba zai wuce mita 100 zuwa 150 ba, 940 ta wadatar.

Shi ma da nasa ciwon. Hazo ko yayyafi yakan dawo maka da hasken tocilar, allon ya yi fari ka rasa komai. Ganyen da ke kusa da kai ma haka yake yi, ya haske ya duhunta abin da ke nesa. Barewar da ta kwanta cikin ciyawa kuwa za ka wuce ta ba ka sani ba, amma ai wannan aikin na'urar hannu ne. Daren da madubin dare ya makance saboda hazo, ni a ganina ba daren harbi ba ne, ka koma gida ka sha shayi. Mai madubin zafi zai ce shi yana ganin barewar. Barewar yake gani, ba bayanta ba.

Idan ka je kanti za su cika ka da lambobi. A na'urar zafi uku za ka kula da su. Yawan ɗigon sensa: akwai 384 sau 288, akwai 640 sau 480 ko 512, kuma na biyun ya fi nuna siffa nesa ba kusa ba. Sai NETD, wato ƙanƙantar bambancin zafin da take iya rarrabewa; ƙaramar lamba ta fi, kuma a ƙasa mai laima irin taku ka nemi ƙasa da 25. Sai faɗin gilashin gaba, milimita 35 ko 50, wanda da jamaniyam ake yin sa, abin da ke ƙara masa tsada ke nan. A cikin itatuwa 35 ta fi, don tana buɗe maka fili. Lambar da suke rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali, wai tana hango abu a mita 1,800, kada ta ruɗe ka. Wannan nisan da za ta nuna ɗigon fari ne, nisan da za ka rantse barewa ce mace bai kai kusa da haka ba. Zuƙowar kwamfuta kuma ba ta ƙara komai, ɗigon kawai take kumburawa. Pulsar da HikMicro su za ka fi gani a hannun mutane, kuma duka suna yin iri biyun. Ni ba na rantsuwa da sunan kamfani. Ka tambayi wa zai gyara maka idan ta lalace a tsakiyar Janairu, kuma ko batirin ana cire shi a sa wani, domin sanyi yana shanye batir kamar me. Ka riƙa ajiye na canji a aljihun ciki, kusa da jiki.

Akwai kuma irin wanda ake maƙalawa a gaban madubin rana. Dabara ce mai kyau ga wanda ya saba da madubinsa, amma duk cirewa da mayarwa sai ka tabbatar saiti bai gusa ba, kuma a takarda ake tabbatarwa, ba a jikin dabba ba. Kada kuma ka raina tsohon gilashi mai 8 sau 56. A awar nan ta bayan faɗuwar rana, wadda ba ta buƙatar izinin dare, har yanzu yana aikin da zai ba ka mamaki, ba batir ba allo. Af, allo: ka rage haskensa iyakar yadda za ka iya. Ido idan ya sha haske yakan ɗauki kusan rabin awa kafin ya sake sabawa da duhu, kuma da wannan idon za ka taka gangare.

Ga hukuncina. A wurinka, a shekararka ta farko, na'urar zafi ta hannu mai kyau, da madubin dare mai na'urar auna nisa a kan bindiga. Kuɗin biyun sau da yawa bai kai na babban madubin zafi guda ɗaya ba. Idan ka yi hunturu biyu, ka san kowane shinge da kowace hanya da rana, idonka ya koyi tafiyar barewa daga ta akuya, to ka sayi madubin zafi mai 640, kada ka sayi mai araha. Araha ba ta ado, a nan kuma dabba ce ke biyan bambancin.

Kowanne ka ɗauka, wasu abubuwa ba sa canzawa. Ka zaga wurin da rana kafin ka je da dare. Kada ka fita ba karen bin sawu a mota; na'urar zafi tana nuna gawa a fili, amma ba ta ratsa kurmin itatuwa, hancin kare ne ke ratsawa. Idan uwa ce da ɗanta, ɗan ake fara harbi, domin maraya ba kasafai yake ƙetare hunturun nan ba, yunwa da sanyi ke kashe shi sannu a hankali. Ka yi bisimilla kafin ka taɓa kunama, wuƙarka a kusa, in ka tarar da sauran rai ka yanka nan take. An ba mu izinin rage su ne saboda daji ya rayu, ba a ba mu izinin wahalar da su ba, kuma za a tambaye mu.

Kafin ka biya ko fam ɗaya, ka roƙi abokan aikinka su ara maka nasu, ka gwada a daren ruwa, ba a daren da sama ta washe ba. Ka tsaya gaban shingen da ka sani, ka duba ko kana ganin wayar. In ka samu hutu kafin ƙarshen shekara ka hau jirgin ƙasa ka zo, nawa suna nan, mu fita tare ka gani da idonka.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, mutanen gidana ma suna gaishe ku. Ka rubuto mini abin da ka yanke kafin ka saya.

Wassalam,
Naka amini