Dangoma: Rumbu Cike, Yaro Bai Girma Ba

Dangoma ƙauye ne a ƙaramar hukumar Kalgo, cikin ƙasar Gwandu, a Jihar Kebbi. Shi da Gayi ne suke haɗe cikin mazaɓa ɗaya. Mai zuwa daga Birnin Kebbi ba shi da doguwar tafiya, gama Kalgo maƙwabciyar birnin ce. Idan da kaka ka shiga wannan ƙasa, ido zai sha kallo. A kan tudu ga dammunan gero da dawa, ga wake da gyaɗa. A fadamar Gulbin Kebbi, wadda ta biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ta gangara wajen Bunza, ga shinkafa iyakar ganinka. Fulani suna kora shanu cikin karan gona, matansu kuwa suna tallan fura da nono.

Baƙo zai ce lalle nan yunwa ba ta da wurin zama. Ai kifin Argungu sananne ne, haka kuma albasar Aliero. A shekarar 2016 ma har Jihar Legas ta ƙulla yarjejeniya da Kebbi domin shinkafar da ake nomawa a nan ta ciyar da mutanen kudu.

Amma ga wani abin da zai sa mutum ya yi shiru. A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a dukan jihohin Nijeriya. Aka tarar yara 37 cikin 100 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Anambra yara 14 ne cikin 100. A Jihar Kebbi kuwa 66 ne, ba jihar da ta kai ta a wannan shekara. Lissafin na jihar ne duka, jihar da yawancin mutanenta suna zaune a ƙauyuka irin Dangoma. Yara biyu ke nan cikin uku.

Tsumburarren yaro ba ya kama da marar lafiya. Yana wasa, yana dariya, yana bin awaki. Sai ka tambayi shekarunsa, a ce maka huɗu, kai kuwa da ka ɗauka biyu da rabi ne. Mutanen gida su ce, "Ai gado ya yi, kakansa ma gajere ne." Da yake yawancin tsaransa haka suke, ba wanda yake ganin wani abu ya ɓace.

To, ƙaƙa ƙasar abinci ta zama haka? Amsar tana cikin kwana dubu na fari na rayuwar mutum. A lissafa kwana 270 na ciki, a ƙara shekara biyu bayan haihuwa, kwana 1,000 ke nan. Cikin waɗannan kwanaki jiki yake yin gini mafi sauri. Ƙwaƙwalwar jariri ran da aka haife shi wajen kashi ɗaya ce cikin huɗu na ta babba. Kafin ya cika shekara biyu ta kai wajen kashi uku cikin huɗu. Wanda ya taɓa ginin ƙasa ya sani, in tubalin ƙasa bai sami isasshen kwaɓi ba, yaɓen da za a yi daga baya ba zai ƙarfafa bangon ba. Tsawon da yaro ya rasa kafin shekara biyu da wuya ya dawo da shi duka. Sau da yawa irin wannan yaro yakan yi jinkirin zama, da tafiya, da magana, in ya shiga makaranta kuma karatu ya yi masa nauyi.

Mai karatu, ka lura, ba rumbu ne yake ciyar da jariri ba. Abin da ya shiga bakinsa shi ne nasa. Bari mu bi hanyar daga rumbu zuwa bakin yaro, mu ga inda abincin yake zubewa. Waɗannan al'adu ba na Dangoma kaɗai ba ne, akwai su a gidajenmu ko'ina a ƙasar Hausa.

Na fari, mai ciki. In ita ce ta ƙarshen ci a gida, jininta ya yi ƙasa, ɗan da ke cikinta ya fara tsumburewa tun bai ga rana ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Na biyu, dakashi, watau nonon fari mai kauri, mai ruwan ɗorawa. Tsofaffi da yawa sukan ce ƙazanta ne, a matse a zubar, a ba jariri ruwa ko madarar akuya tukuna. Alhali kuwa dakashi shi ne rigakafin fari na yaro. Likitoci sun ce a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a haɗa. Nono yana da isasshen ruwa ko da bazara ne. Ruwan rijiya kuwa yakan kawo zawo.

Na uku, koko. Daga wata shida nono kaɗai ba ya isa, sai a fara ba yaro koko tsararo. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, ludayi kaɗan ya cika shi. Ya ƙoshi, amma da ruwa ya ƙoshi. Ga ƙwan zabi da na kaza ana kai wa kasuwa, wai ƙwai yakan sa yaro sata. Ga wake da gyaɗa an sayar tun da kaka. In ya fara cin tuwo kuma, sai a haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa masu saurin hannu.

Na huɗu, yaye na gaggawa. In uwa ta sami wani ciki, sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, don kada "ya sha ciki". In ya kumbura, gashinsa ya yi ja, sai a ce ai ga shi nan, ya sha. Wata likita mai suna Cicely Williams ta ga irin wannan a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta rubuta labarinsa a 1933. A 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga na Ankara suke kiransa, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Ba nonon mai ciki ne ya cuce shi ba, rashin nonon ne da rashin abin da zai maye gurbinsa.

Na biyar, damina. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, zawo ya yaɗu. Yaro mai ciwo ba ya ci, yaron da ba ya ci kuma ciwo ba ya barinsa.

An gwada a wasu ƙasashe an ga amfanin gyara da wuri. A ƙasar Gwatamala, daga 1969 zuwa 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka kunu mai madara da kayan gina jiki. Da aka neme su bayan sun girma, mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu sun fi sauran samun ladan aiki da kusan rabi. A Jamaika kuma, wajen 1986, an ɗauki tsumburarrun yara, ma'aikata suna zuwa gida kowane mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata su yi wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara ashirin aka ga waɗannan sun fi takwarorinsu samu da kashi ɗaya cikin huɗu. Ashe ƙwaƙwalwa tana bukatar abinci, tana kuma bukatar hira, da waƙa, da tashi-tashi.

Akwai kuma tamowa mai tsanani, wadda ba ta jira. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar da wani ɗan tef mai launi uku. In awon bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa ja. Haka kuma in ƙafafu biyu sun kumbura, ka danna yatsa wurin ya lotsa. Wannan yaro na asibiti ne yau, ba gobe ba. Maganinsa wani abincin gyaɗa ne mai madara da mai da sukari, cikin 'yar leda. Da shi aka ceci dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005. A Jihar Kebbi ma, a 2022 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta buɗe wurin kwantar da yara masu tamowa a Maiyama.

Amma rigakafi ya fi magani, kayan rigakafin kuwa suna cikin gonakin Kalgo. Ga garin kunun da ake koya wa mata, wanda ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. A soya kowanne dabam, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. A dama shi da kauri, yadda zai tsaya a cokali. A ƙara ɗan manja, ko garin busasshen kifi, ko garin zogale. A ba yaro kwanonsa shi kaɗai, sau uku ko huɗu a yini, babba yana zaune kusa. A ci gaba da nono har shekara biyu. A wanke hannu da sabulu, a kwana cikin gidan sauro, a cika alluran rigakafi.

Ya ku masu gida, wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Maɓallin rumbu a hannunku yake. Kafin a ɗora buhun wake a kan amalanke, a ware na jariri da na uwarsa. Ku kuma kakanni, ku ake ji a ɗakin jego. In kaka ta ce a ba jariri dakashi, ba mai musa mata.

A kan hanyar Kalgo zuwa Bunza akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013. Daga Dangoma ba ta da nisa. Ko yaron ƙauyen zai shiga cikinta wata rana, ana fara yanke wannan tun yana goye a bayan uwarsa. Haka yake kuma ga yaron da ke gidanka.