Tsuntsun Gwoza da muka je nema har Jos

Surukata mutuniyar Gwoza ce. Tun watan Agustan 2014 da 'yan Boko Haram suka mamaye garin take zaune tare da mu a Maiduguri, kuma ko bayan sojoji sun ƙwato shi a watan Maris na 2015 ba ta koma ba. Ba ta cika zancen gida ko gonar da ta bari ba. Abin da ke yawan faɗo mata a baki shi ne dutse: sanyinsa da asuba, kukan kazar dutse, da wani ɗan jan tsuntsu da take cewa ya yi kama da baiwar Allah ta tsakar gida amma ba ita ba ce. Jikokinta kuwa dariya suke yi. A Maiduguri suka tashi, tudun da suka sani mafi tsawo shi ne gadar sama.

Daga nan zuwa Gwoza, ta Konduga da Bama da Pulka, bai wuce kilomita 135 ba. Amma kan duwatsun Mandara har yanzu ba wurin da mai hankali zai kai yara yawo ba ne. Don haka da hutun Disamba ya zo, sai muka juya yamma: Damaturu, Potiskum, Bauchi, sannan Jos, tafiyar yini guda, kuma da rana tsaka muka yi ta.

Dalilin zaɓen Jos shi ne dajin Amurum da ke ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Dajin ƙarami ne, wajen hekta 300, amma ya haɗa abubuwa uku: falalen duwatsu, ciyayi da ƙananan itatuwa, da kurmi mai duhu a gefen rafi. Wurin bincike ne, ba wurin shaƙatawa ba, saboda haka sai da muka nemi izini kafin mu je, aka kuma haɗa mu da wani matashi ɗan jagora.

Ƙarfe shida da rabi muka shiga, yara na kakkarwa cikin rigunan sanyi. Jagoran ya kafa mana ƙa'ida: a yi shiru, a sa rana a baya, kada a nuna tsuntsu da hannu a guje. In an ga tsuntsu, kafin a tambayi sunansa a lura da girmansa, ko ya kai kurciya ko bai kai ba, sai siffar bakinsa, sai inda yake tsaye, ƙasa ne ko reshe ko kan dutse. Launi ne na ƙarshe, domin hazo da inuwa suna yaudarar ido. Na yi zaton ɗan autanmu ba zai iya minti biyar ba tare da neman wayar uwarsa ba. Ya yi awa biyu.

Kazar dutse muka fara ji tun ba mu gan ta ba, wani fito mai hauhawa daga tsakanin duwatsu. Surukata ta tsaya cak. Can sai ga su guda huɗu suna bin juna, jela a ɗage kamar ta 'yan tsaki masu tasowa.

Wanda muka zo dominsa ya ba mu wahala. Sai wajen ƙarfe takwas, a gindin wani dutse inda ruwa ya ɗan kwanta, jagoran ya miƙa mata madubin hangen nesa ya ce a hankali, "Kaka, duba ƙasa, kusa da ciyawar nan." Biyu ne, suna tsince ƙwayar ciyawa. Baiwar Allah ta gida bakinta ja-ja ne. Wannan bakinsa ruwan toka ne mai shuɗi-shuɗi, saman kansa toka, bayan namijin kuma ja wur. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da 'yarta, "Shi ne."

Ba ta yi kuskure ba, domin masana sun tabbatar ana samunsa a duwatsun Mandara kamar yadda ake samunsa a tudun Jos. Abin mamaki, sai a 1998 ya shiga littattafan kimiyya, lokacin da wani masani daga Amurka, Robert Payne, ya bayyana shi a matsayin jinsi na daban. Abin da ya ja hankali gare shi wani baƙin tsuntsu ne na yankin da ba ya gina sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar wannan jan tsuntsu, shi ya rena mata, ɗan kuma in ya girma sai ya riƙa kwaikwayon kukan wanda ya rene shi. Bin diddigin wannan kuka ne ya kai ga gano mai shi. 'Yata ta fari ta ce ashe har tsuntsaye suna da ɗan riƙo.

Ga iyalin da ke son gwadawa, a sa takalmi rufaffe saboda maciji da santsin dutse, a riƙe ruwan sha, yaro mai asma kada a bar maganinsa a masauki, don sanyin Jos na Disamba ba irin namu ba ne. A kuma tambayi halin tsaron hanya da na yankin kafin a tashi. Tsofaffi ba sai sun hau sama ba, yawancin abin da muka gani a gindin dutse muka gan shi. Surukata, wadda likita ya gaji da roƙonta ta riƙa ɗan taka ƙafa saboda hawan jini, ta yi tafiyar da ba ta yi irinta ba cikin shekaru, ba tare da kowa ya ce mata motsa jiki take yi ba.

Da muka dawo Maiduguri, yaran suka ajiye kaskon ruwa a gindin dogonyaron gidanmu, suka sayi littafin rubutu na musamman. Kurciya ce ta fara shiga, sai hasbiya, sai baiwar Allah mai jan baki. Sun bar shafi guda babu komai saboda shamuwa, da Kaka ta ce sai damina ta kusa za ta iso.