Siririya Ba Ta Rufa Asiri



Mu da muka tashi a nan, tabar da muka sani ba ta wuce kala uku ba: karan sigari da ake saya ɗaya-ɗaya a wurin mai tebur, tabar gari da tsofaffi ke shaƙa ko su sa a baki, sai kuma lofe da yanzu ya kusa ɓacewa. Akwai ta huɗu wadda yawancinmu a fim kawai muka gan ta, a bakin attajiri ko uban daba. Ganyen taba ne zalla da aka naɗe da hannu, ba takarda a jikinta, ba auduga a gindinta. Bari mu kira ta tabar naɗi. Masu jin Sifaniyanci suna ce mata puro, in kuma daga ƙasar Kyuba ta fito sai su ce habano.

A fim kullum ƙatuwa ce, ta cika bakin mai shanta, domin kaurin nan shi ne ke gaya wa ɗan kallo cewa wannan mutum ya isa. To amma a cikin waɗanda suka daɗe suna shanta, akwai da dama da ke barin ƙatuwar su nemi wata doguwa siririya. Abin da ya tsaya mana a rai ke nan. Me zai sa mutumin da ke da kuɗin sayen babba, ya kuma san kan abin, ya zaɓi wadda ba ta fi ƙaramin yatsa kauri ba?

Masu wannan sana'a suna da ma'auninsu na kauri. Suna raba inci ɗaya gida 64, su ba kowace taba lamba gwargwadon gidajen da faɗinta ya ci. Wadda ake kira robusto, mai farin jini a kasuwa, lambarta 50, tsawonta wajen inci 5. A shekarun baya-bayan nan kasuwa ta ƙara karkata ga masu ƙiba, har ana yin masu lamba 60. Ita kuwa siririyar da muke magana a kanta, wadda ake kira lancero, wato mai mashi, lambarta 38 ce, tsawonta inci 7 da rabi. A awon da muka saba da shi, tsawo kusan santimita 19, kauri kusan milimita 15. A kanta akan murɗe ganyen ya yi ɗan tukku.

Sunanta ya fito ne ta hannun Fidel Kastro. A farkon shekarun 1960 wani manaɗi mai suna Eduardo Rivera yana naɗa irin wannan siririya don kansa da abokansa. Ɗaya daga cikin masu tsaron lafiyar Kastro yana samu a wurinsa, ta haka ta isa hannun shugaban, ta kuwa kwanta masa. A 1966 aka raɗa wa wannan taba suna Cohiba, aka kuma keɓe mata wani tsohon gidan masu hali a birnin Habana, El Laguito, ya zama masana'antarta. Shekaru da dama ba a sayar da ita, sai dai a ba manyan baƙi da jakadu kyauta. Sai a 1982 aka fitar da ita kasuwa. Yau ba Kyuba kaɗai ke yin lancero ba. Bayan juyin juya halin 1959, manaɗa da masu gonaki da yawa sun bar ƙasar da irinsu da iliminsu, suka kafu a Nikaraguwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika, can ma ana naɗa ta.

Kafin mu gane abin da gwanaye ke nema a cikinta, sai mun leƙa yadda ake gina tabar naɗi. Sassa uku gare ta. Akwai na tsakiya da suke kira tripa, ma'anarsa hanji. Akwai ganyen da ke ɗaure hanjin, capote, mu ce 'yar ciki. Sai na waje da ido ke gani, capa, mu ce riga. Hanjin kansa haɗi ne na ganyaye daga wurare daban-daban a jikin shuka ɗaya. Na can sama, wanda ya fi shan rana, shi ne ligero, mai ƙarfi, mai jinkirin ci da wuta. Na tsakiya, seco, shi ke kawo ƙamshi. Na ƙasa, volado, ɗanɗanonsa kaɗan ne, amma shi ke sa wuta ta tafi daidai.

Rigar ita ce mafi tsada. A yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río, inda ake noman tabar Kyuba mafi daraja, ana shimfiɗa farin yadi mai shara-shara a saman gonar da za a samu riga daga cikinta, don ya rage zafin rana, ganyen ya fito da faɗi da laushi da siraran jijiyoyi. A nahiyarmu ma, gabashin Kamaru ya yi suna wajen noman ganyen riga da masana'antun ƙetare ke nema. Bayan an tsinke ganye a shanya shi a rumfa makonni, a tara shi ya yi gumi ya nuna, a ajiye shi watanni ko shekaru kafin ya isa teburin manaɗi.

A nan dalili na farko yake, kuma lissafi ne mai sauƙi. Idan aka kwatanta mai lamba 60 da mai lamba 38, hanjin ƙatuwar ya ninka na siririyar kusan sau biyu da rabi, amma rigarta ba ta wuce ninki ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya ba. Ke nan a kowace zuƙa, rabon riga a cikin hayaƙin siririya ya fi yawa. Wannan ganye da manomi ya yi wa rumfar yadi, ya yi ta lallaɓawa, a siririya ake jin muryarsa sosai. A ƙatuwa hanji ne ke danne shi. Kamar shayi ne da ba a zuba wa madara da sukari ba: in ganyen mai kyau ne harshe zai shaida, in na banza ne ma ba abin da zai rufa masa asiri.

Dalili na biyu yana hannun manaɗi. Kayan aikinsa ba su da yawa: allon katako, wata wuƙa mai lanƙwasa da suke kira chaveta, ɗan danƙon itace marar ɗanɗano, da yatsunsa. A ƙatuwa yana da fili, in ganye ɗaya ya ɗan karkace sauran za su gyara. A siririya ba wannan sararin. Ganye kaɗan ne zai shiga, kuma dole ya kwanta daidai daga kai har gindi a tsawon santimita 19. Ya matsa da yawa, taba ta toshe, a yi ta zuƙa hayaƙi ya ƙi fitowa. Ya sassauta, ta ci wuta da sauri ta yi zafi. Ya cika ligero, ta riƙa mutuwa. Shi ya sa masana'antu ke miƙa wannan aiki ga ƙwararrun manaɗansu, shi ya sa kuma wasu ba sa son yin ta da yawa, tunda wahalarta ta fi cinikinta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san cewa a ƙaramin zane ake gane wanda allura ke yi wa biyayya.

Dalili na uku yana wurin mashayin kansa. Ƙatuwa tana da haƙuri, wutarta ba ta saurin yin zafi, ko an yi mata gaggawa takan jure. Siririya ba ta da wannan hali. In aka zuƙe ta a kai a kai sai ta yi zafi ta koma ɗaci. In aka manta da ita ana hira sai ta mutu. Mashaya sukan ce a ba ta kamar minti guda tsakanin zuƙa da zuƙa, a haka mutum zai shafe fiye da awa ɗaya a kanta. Wanda bai iya zama wuri ɗaya ba, ko wanda hankalinsa ke kan waya, ba zai ji daɗinta ba. Ga tsohon mashayi wannan ne ma abin so: abu ne da ke tilasta masa ya rage sauri, ya kuma nuna wa kansa cewa ya iya.

Akwai na huɗu da ba kasafai ake faɗa ba. Siririya ba ta burge ɗan kallo. Wanda bai sani ba zai ɗauka ta marasa ƙarfi ce. Wanda ya sani ne kawai zai gan ta a hannun mutum ya gyaɗa kai. Wannan ma taƙama ce, sai dai ta 'yan gida ce, irin ta mai turaren da ba ya tashi daga nesa, wanda sai ka matso ka gaisa da shi za ka san abin da ya shafa.

Duk wannan mun fahimce shi, kuma ba za mu ɓoye ba, yana burge mu. Haka ɗan Adam yake a kan duk abin da ya daɗe yana yi. Da farko yawa yake nema da girma, in ya kwana biyu sai ya koma neman inganci. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Muna girmama manomin da ke bin ganye ɗaya-ɗaya, muna girmama macen da ta shafe shekaru a teburin El Laguito har yatsunta suka san nauyin ganye ba tare da sikeli ba.

Sai dai siririyar da ke tona asirin manomi da manaɗi da mashayi, akwai asiri ɗaya da take rufewa, wato nata. Sirantarta kan sa ido ya ɗauka abin kaɗan ne. Alhali lancero ɗaya tana ɗauke da ganye kusan giram 10, shi kuwa karan sigari bai cika giram 1 ba. Kamfanonin taba sun daɗe da sanin wannan rauni na ido. A 1968 kamfanin Philip Morris na Amurka ya fito da Virginia Slims, siririyar sigari da aka yi wa mata tallarta a matsayin abin ado da wayewa, alhali gubar da ke cikinta ita ce dai ta sauran.

Mashayan tabar naɗi sukan kare kansu da cewa ai su ba sa haɗiye hayaƙi, a baki suke juya shi su fesar. Gaskiya ne yawancinsu haka suke yi. Amma hayaƙin tabar naɗi iri ne da sinadarin nikotin ɗinsa ke ratsa fatar cikin baki kai tsaye ya shiga jini, ba sai ya sauka huhu ba. Leɓe da harshe da dasashi da maƙogwaro kuma suna jiƙe a cikinsa fiye da awa guda. Likitoci sun tabbatar da alaƙarta da cutar daji ta baki, ta maƙogwaro, ta maƙoshin murya da ta hanyar abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, ba ta kuma ware mai tsada daga cikin lissafin ba. Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Ostiriya, ya fi yawancin mutane sanin yadda zuciya ke yaudarar mai ita. A 1923 aka gano masa cutar daji a baki, aka yi masa aiki fiye da sau 30, bai kuma rabu da tabar naɗi ba har kusan rasuwarsa a Landan a 1939.

Mun saba cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A wannan fage babban sani ma yakan zama ƙuƙumi. Sabon mashayi ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, shi ya sa yake ɓuya a bayan gida. Gwani kuwa ya samu kalmomi. Yana maganar ƙamshin katako da gahawa da zuma, yana maganar gona da shekarar girbi, har ya daina ganin kansa a matsayin wanda taba ta kama, ya koma ganin kansa masani. Ilimin nasa na gaske ne, harshensa yana jin abin da namu ba zai ji ba. Amma fatar bakinsa ba ta san bambancin ganyen Vuelta Abajo da na teburin bakin titi ba.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda abu ne na masu kuɗin wata duniya. Ruwanmu shi ne mun riga mun ga irin wannan shiga. Haka shisha ta shigo garuruwanmu, da ƙamshin tuffa da na'ana'a, da kwalba mai kyau, da zancen cewa ruwan da ke ciki yana tace guba, har yaran da ba za su taɓa riƙe karan sigari a gaban mutane ba suka zauna mata a fili suna ɗaukar hoto. Duk lokacin da taba ta zo da riga mai kyau da labari mai daɗi, kunyar da ke tsare 'ya'yanmu ce ke fara tafiya. In gobe ƙanenmu ya samu kuɗi ya dawo daga tafiya da akwatin katako mai ƙamshi, yana yi mana bayanin lamba 38 da ganyen riga, ya kamata ya tarar mun san zancen kamar yadda ya san shi, mun kuma san ragowar da ba a gaya masa a kanti ba. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Shi kansa mutumin da aka kafa Cohiba dominsa, wanda duniya ta saba ganin hotonsa da siririya a tsakanin yatsu, ya ajiye ta a 1985, lokacin da ƙasarsa ke gangamin yaƙi da shan taba. Gonakin suna hannun gwamnatinsa ko suna sayar mata, manaɗan da suka fi kowa iyawa suna yi masa aiki, ba wanda ya kai shi samun mai kyau, kuma kyauta. Duk da haka ya bari. Ya ci gaba da ba baƙi ita a akwati, shi kuwa bai koma ba har ya rasu a 2016 yana da shekara 90.