Me Ya Sa Ellie Ta Saki Abby?

Akwai wata gardama da ta raba 'yan ajinmu gida biyu tun farkon zangon nan, har wasu sun daina raba gyaɗa idan an tashi tara. A kan labarin wani wasan gem ne mai suna The Last of Us Part II. Na ga gara in kawo ta bango, don a cikin aji wanda ya fi ƙarfin murya shi yake cin gardama, ni kuwa tawa muryar ba ta kai bayan aji.

Wani kamfanin Amurka mai suna Naughty Dog ne ya yi wasan. Kashi na farko ya fito a 2013, na biyu kuma a watan Yunin 2020, a kan PlayStation 4. A shagon gem kowa ƙwallo yake bugawa, amma abokin Yayana yana da wannan, idan rana ta yi babu mutane sai su sa shi. Yaya ne yake bugawa, mu muna benci muna kallo, yana fassara mana Turancin da ya fi ƙarfinmu. Wasan na manya ne, shi ya sa in an zo inda jini ya yi yawa sai ya ce mu fita mu sha iska. Sauran 'yan ajinmu a waya suka kalli labarin.

Ga yadda yake, ga wanda bai sani ba. Wata cuta mai kama da funfuna ta ɓarke, tana tsira a ƙwaƙwalwar mutum ta mayar da shi kamar mahaukacin kare. Wani mutum, Joel, ya rasa 'yarsa Sarah a daren da abin ya fara. Bayan shekara 20 aka ba shi amanar wata yarinya 'yar shekara 14, Ellie, wadda cutar ba ta kama ta. Aikinsa ya kai ta wani asibiti mai nisa inda likitoci suke fatan samo rigakafi daga jikinta. A hanya suka shaƙu, ta zama kamar 'yar da ya rasa. Da suka isa sai ya gane cewa tiyatar za ta kashe ta. Joel ya ɗauki bindiga ya kashe masu gadi da likitan, ya fito da ita tana sume. Da ta farfaɗo ya yi mata ƙarya, ya ce ba a buƙatarta. Nan kashi na farko ya ƙare.

A kashi na biyu Ellie ta kai shekara 19, suna zaune a wani gari mai suna Jackson. Ran nan Joel da ƙanensa Tommy suka ceci wata baƙuwa, Abby, daga hannun masu cutar a cikin dusar ƙanƙara. Ta ja su wurin abokanta, ta harbi Joel a ƙafa, ta kashe shi da sandar wasan golf, an danne Ellie a ƙasa tana gani tana roƙo. Ranar da muka kalli wurin nan babu wanda ya yi magana a hanyar gida.

Ellie ta bi Abby har birnin Seattle. Cikin kwana uku ta kashe abokan Abby ɗaya bayan ɗaya: Jordan, Nora, Owen da Mel. Ita Mel tana da ciki, Ellie ba ta sani ba sai da ta riga ta kashe ta. Can a tsakiyar wasan, daidai lokacin da kowa yake jiran Ellie da Abby su gamu, sai aka mayar da kai baya aka ce yanzu Abby za ka riƙe. Yaya ya ajiye abin bugawa ya ce shi ba zai taimaki wadda ta kashe Joel ba. Kwana biyu bai koma shagon ba. Da ya koma ne muka ga abin da aka ɓoye mana: likitan nan da Joel ya kashe a asibiti, wanda a kashi na farko ko sunansa ba mu tambaya ba, mahaifin Abby ne, Jerry. Ita ta shiga ɗakin ta tarar da gawarsa.

Har da wata karya mai suna Alice. Lokacin da Yaya yake riƙe da Ellie ya kashe ta, muka yi shewa don ta kusa cinye mu. Da aka koma ɓangaren Abby sai ga karyar nan tana kaɗa wutsiya a cikin mutanenta. Wani abokina ya ce masu wasan mugaye ne, da gangan suka yi don su sa mu jin kunya. Gaskiyarsa, da gangan ne.

Ƙarshen shi ne tushen gardamar. Ellie ta koma ta zauna a wata gona tare da Dina da jaririn Dina, suna kiwon tumaki, amma barci ya ƙi ta. Tommy ya zo ya zuga ta, ta bar su ta tafi Santa Barbara a jihar Kalifoniya. Ta tarar wasu 'yan fashi sun ɗaure Abby a jikin gungume a bakin teku, ta rame kamar ba ita ba. Ellie ta kwance ta, sannan ta tilasta mata faɗa. Abby ta gutsire mata yatsu biyu. Ellie ta danna kanta cikin ruwa, saura kaɗan ta mutu, sai ta tuno Joel yana zaune da jitarsa. Ta sake ta. Abby ta shiga kwalekwale ta tafi. Ellie ta koma gona ta tarar babu kowa, ta ɗauki jitar da Joel ya ba ta, yatsun da suka rage suka kasa kaɗa ta daidai.

Yawancin 'yan ajinmu sun ce wannan ragwantaka ce da asara. Abokin zamana shi ne shugabansu. Ya ce, "Kai malam, ta bar gida, ta rasa yatsu, ta kashe mutane sun fi a ƙirga, ta zo kan mai laifin sai ta ce ta fasa? Wannan ai an yi ba a yi ba ke nan." Ya ƙara da cewa Abby butulu ce, mutumin da ya cece ta da safe shi ta kashe kafin dare. Ba su kaɗai suka ji haushi ba. Da wasan ya fito, wasu a intanet har barazanar kisa suka aika wa Laura Bailey, matar da ta yi muryar Abby, alhali ita aiki kawai aka ba ta. Duk da haka a ƙarshen 2020 wasan ne ya ci kyautar gwarzon gem na shekara.

Ni ina ɓangaren 'yan tsiraru. Da farko, duk abin da muka ba Ellie izinin yi, Abby ta riga ta yi shi da hujja iri ɗaya. An kashe mata uba, ta nemi wanda ya kashe shi shekara da shekaru. Kuma ita mutum ɗaya ta kashe a Jackson. Ellie da Tommy suna hannunsu, suka bar su da rai. Dalilin da ya sa muke ganin Joel namu ne kawai don mun yi tafiya da shi mun ga kukansa. Da a ce kashi na farko labarin likita da 'yarsa ne, da Joel ne dodon da ya shigo asibiti da bindiga. Ni ma ina son Joel, kuma na san da Babana ne a wurin ba zai bar a yanka ni don rigakafi ba. Amma son da nake yi masa bai dawo wa Abby da ubanta ba.

Na biyu, kisan Joel bai warkar da Abby ba. Ta ci gaba da mafarkin asibitin nan kamar da. Mafarkin bai sauya ba sai da ta ceci wasu yara biyu, Yara da Lev, waɗanda 'yan ɓangaren abokan gabarta ne. Kuma Lev ɗin ne ya kira sunanta a tsohon gidan wasan kwaikwayo lokacin da ta sa wuƙa a wuyan Dina, ita ma mai ciki, sai ta janye hannu. Wato Abby ta riga Ellie sakin wuyan mutum, sau biyu ma. 'Yan ajinmu ba sa son a tuna musu wannan.

Na kai maganar wurin malaminmu na Islamiyya. Ya yi dariya ya ce, "Yanzu har gem ya fara kawo tambaya?" Sannan ya zauna ya yi mini bayani sosai. Ya ce a shari'a magadan wanda aka kashe suna da zaɓi uku: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa. Wanda ya nemi ƙisasi bai yi laifi ba, haƙƙinsa ne. Amma alƙali ne yake yanke hukunci bayan shaidu, hukuma ta zartar, kuma a kan mai laifin kaɗai. Babu inda aka ce ka ɗauki makami ka bi abokansa da duk wanda ya tare maka hanya.

Ya ba ni labarin Wahshi, bayan ya gargaɗe ni cewa tarihin sahabbai gaskiya ne, gem kuwa ƙirƙira ce, kada in ɗora su a sikeli ɗaya. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Hindu ta rasa mahaifinta Utba da ɗan'uwanta da baffanta, kuma Sayyidina Hamza (RA) yana cikin waɗanda suka fafata da su. A Uhudu, shekara ta 3, Wahshi ya jefi Sayyidina Hamza da mashi don a 'yanta shi daga bauta. Da aka ci Makka a shekara ta 8, Hindu ta musulunta, Wahshi ma daga baya ya zo ya musulunta. Annabi (SAW) yana da cikakken iko a lokacin, bai taɓa shi ba. Sai dai ya nemi Wahshi ya riƙa kauce wa idonsa, saboda ganinsa yana tuna masa da baffansa. Wannan wurin ne ya tsaya mini a rai. Ashe ana iya barin mutum ya tafi alhali ciwon yana nan bai warke ba.

Na ga irinsa a gonar Kawuna ta noman rani a wajen Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake biyowa ta kanal a raba wa gonaki bi da bi. Wata shekara maƙwabcinsa ya toshe ruwan da dare ya juya shi gonarsa a ranar da ba tasa ba, fangalolin tumatir ɗin Kawu da aka dasa ba da daɗewa ba suka ƙone. Babban ɗan Kawu ya je ya yanka tiyon mutumin. Yaran mutumin suka fara yawo da sanduna. Mai unguwa ya tara su, shaidu duk suna bayan Kawu, da ya nemi a biya shi da an biya. Ya ce ya yafe, ya kuma sayi sabon tiyo ya mayar. Ɗansa har yau yana cewa an raina su. Kawu kuwa ya ce masa, "Kanal ɗaya muke sha. In ciyawa ta toshe shi, da wa za ka yashe?" Har yanzu in sun gamu gaisuwa ce kawai, ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba. Amma ruwa yana zuwa kowace gona a ranarta.

Haka nake kallon abin da Ellie ta yi. Ba ta ce wa Abby ta yafe ba, ba su rungumi juna ba, korarta ma ta yi tana kuka. Kuma mai rauni ba ya sakin wuyan da ya riga ya danne. Sai a ƙarshe aka nuna mana hirarta da Joel a daren da zai mutu washegari. Ta riga ta gano ƙaryar da ya yi mata, ta daɗe tana fushi da shi. A daren ya gaya mata ko an mayar da shi asibitin abin da ya yi zai sake yi. Ita kuma ta ce ba ta jin za ta iya yafe masa, amma tana so ta gwada. Gari ya waye aka kashe shi. A ganina wannan ne yake cin Ellie fiye da komai: ta makara wajen shiryawa da shi, kuma ko ta nutsar da Abby sau goma ba za a dawo mata da wannan damar ba. A cikin ruwan nan ta gane haka.

Inda abokin zamana ya fi ni hujja shi ne maganar mutanen hanya. Wasan yana sa ka kashe mutane da yawa da hannunka, in ka kashe ɗaya ka ji 'yan'uwansa suna kiran sunansa, sannan a ƙarshe a nuna maka afuwa a kan mutum ɗaya. Nora da Owen da Mel ba su samu wannan afuwar ba. A duniyar wasan babu alƙali, babu mai unguwa, babu dattijon da zai tare Ellie a ƙofar gari. Tommy da ya kamata ya zama dattijon, shi ne ma ya hura wutar. Ni a wurina ya fi kowa laifi a rabin ƙarshen labarin, don ya je har gona ya tayar da yarinyar da ta fara samun zaman lafiya, saboda shi ya ji rauni ba zai iya zuwa da kansa ba.

Jiya abokin nawa ya zo da sabuwar magana. Ya ce in ana son a gane wa ya yi gaskiya a cikinmu, a yi kashi na uku, a ba mu ɗan ɗaya daga cikin sojojin da Ellie ta kashe a Seattle, ya girma ya zo nemanta. Ya tambaye ni ko zan so yaron ya sake ta. Na ce zan so. Ya ce to shi ma zai so, amma don Ellie ce.