Lissafin da ya sa na rabu da janareta

Tun ranar da na saka hoton rufin gidana mutane ke ta tambayata ta inbox: nawa ka kashe, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Wani abokin aiki ma cewa ya yi ko dai na samu wata kwangila ne a ɓoye. Wallahi babu kwangila, bashi ne da adashe. Bari in baje lissafin a nan kowa ya gani.

Abin da ya tunzura ni shi ne duhun watan Oktoba na 2024, lokacin da galibin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wuta bayan matsalar da aka samu a manyan layukan da ke kawo mana ita. Uwargida tana sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara. A kwana uku jarinta ya narke a firiza, muka kwashe muka zubar. Hajiya kuma tana allurar ciwon suga wadda ba ta son zafi, sai da na riƙa yawo da kula ina neman ƙanƙara a unguwa kamar mai neman zinare. Daren da na rasa, na zauna a tsakar gida na ce wa kaina, malam, wannan rayuwar ba za ta ɗore ba.

Kafin nan ma janareta ya riga ya zama kishiya. Kowa ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa 1,000. Ni lita biyu nake ƙonawa kowane dare, daga magariba zuwa wajen goma. A kan naira 950, naira 1,900 ke nan a rana, 57,000 a wata. Ka ɗora baƙin mai da filogi da mai gyara, kusan 8,000. Jimilla 65,000. Ku tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Kuma duk wannan kuɗin wutar awa uku zuwa huɗu kawai yake saya mini, ga hayaƙi, ga ƙara, ga maƙwabci yana gaishe ka ciki-ciki da safe.

A watan Janairun 2025 na rufe ido. Farantan sola huɗu masu wat 550, kowanne 130,000, ya kama 520,000. Inbata 380,000. Batirin litiyam mai ɗaukar yunit biyar 1,200,000. Waya da ƙarafa da kuɗin aiki 240,000. Duka-duka miliyan 2 da dubu 340. Na karɓi miliyan ɗaya da rabi a ƙungiyar taimakon juna ta ofis, ana cire mini 62,500 duk wata har shekara biyu. Adashe ya kawo 400,000, na sayar da janareta 140,000, ragowar 300,000 kuwa uwargida ce ta sayar da sarƙarta ta gwal ta ba ni. Wannan ɓangaren ne ya fi hana ni barci, don in abin ya ƙi, ban san da wane ido zan kalle ta ba.

To ga inda lissafin yake. Kuɗin da ake cirewa a albashina bai kai wanda nake kashewa a kan janareta ba. Bambancin kawai shi ne na gidan mai ba ya ƙarewa, na bashi kuma yana da ranar gamawa. In ka raba 2,340,000 da 65,000 za ka samu wata 36. Shekara uku kayan sun fanshi kansu, ban ma saka ribar ƙanƙarar uwargida a ciki ba, wadda yanzu take daskarewa da rana tsaka lokacin da farantan ke kan ganiyarsu.

Amma fa kada wani ya ce na yaudare shi. Sola ba wutar Kainji ba ce. Dutsen guga da hita da rishon lantarki duk na hana a jona su sai an kawo ta gwamnati, kuma sai da aka yi rigima da yara kafin dokar ta zauna. Lokacin hunturu ƙura takan lulluɓe farantan, sai na hau na wanke duk mako, in ba haka ba caji ya ragu. A watan Agusta in hadari ya yini, batir ba ya cika, dole a kashe firiza da dare. Zafi kuma makashin batir ne, a ajiye shi inda iska ke shiga.

Sannan a kula da kayan jabu. Na taɓa ƙonewa a 2023, na sayi batir na hannu wai ɗan kwatano, wata takwas ya mutu, mai shagon ya ce shi bai san zancen ba. Ka karɓi rasit da garanti a rubuce. Kafin ka je kasuwa ka rubuta duk abin da za ka kunna da awannin da zai yi, a kai ake auna girman kayan. Wanda ba shi da miliyan biyu ya fara da faranti ɗaya ko biyu da fanka da ƙwai masu aiki da batir kai tsaye. Da kaɗan-kaɗan ake cika tulu.

Akwai abin da ke damuna duk da haka. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000. A watan Afrilun 2024 an mayar da yunit ɗin 'yan Band A daga naira 68 zuwa 225, mu da ba mu cikin wannan rukuni kuma sai abin da ya rage. Yanzu duk mai ɗan hali yana ta zare jiki yana hawa rufi, an bar mai walda da tela da mai injin niƙa a duhu. Masinjan ofishinmu ya tambaye ni ko akwai na dubu hamsin, na rasa amsar da zan ba shi. Tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar shiga harkar, me zai hana su fara da bai wa ƙananan ma'aikata da masu sana'a bashin sola mara ruwa, a riƙa cira a hankali?

Sarƙar uwargida dai har yanzu bashi ce a wuyana, na yi mata alkawarin da zarar an gama cirar ofis ita ce ta farko. Wanda ya saka nasa ya faɗa mana nawa ya kashe da abin da ya gani, ko wani zai amfana. Allah ya hore wa kowa.