Tafiyata Agadas cikin hunturu

Tun da na dawo ake tare ni a bakin famfo da wurin niƙa ana tambayata yadda tafiya ta kasance, har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa saura ranar zubi.

Wata ƴar ƙungiyarmu, ba zan kama sunanta ba, ta ɗauki bashin jika 40 bayan girbi, da cewa za ta sayi gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli. Mako biyu a jere ba ta zo zubi ba. Abin da na yi, na sa magatakarda ta rubuta mata tara. Gidanta bai kai tafiyar minti goma daga nawa ba, amma ban taka na leƙa ba. Mako na uku muka ji ta bi wasu mata zuwa Aljeriya, da goyo a baya da ɗiya ƴar shekara shida. Mijinta shekara biyu ke nan yana cirani, ba aike ba labari, kuma geron da ta samu bai kai ta ko'ina ba.

Ana tsakiyar watan Janairu sai ga kira da lambar da ban sani ba. "Yaya, ni ce. Ina Agadas. An maido mu." Sun shigo ta Assamaka cikin manyan motoci, yaron ba lafiya, ba ta da ko dala. Wayar ma ta wani bawan Allah ce.

Taron da muka yi washegari ya yi zafi. Kun san asusun taimako, dala 10 da kowa ke sakawa duk mako don ciwo da rasuwa da gobara. Ma'ajiyarmu ta tashi ta ce doka ba ta yarda a buɗe shi don wadda ta gudu da bashi ba, kuma da bakinmu muka kafa dokar. Wasu suka yi mata ca. Ni ban ga laifinta ba. Tun 1991 da CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, abin da ya riƙe waɗannan akwatuna shi ne irin matan nan masu cewa a'a. Daga ƙarshe aka ɗaga hannu, aka fitar da jika 30, na sayar da ɗan akuyata na cika. Sai batun wa za ta je. Maza sun tafi cirani, uwarta ta tsufa, ni ce mai katin ɗan ƙasa, ni ce kuma zan iya karanta allo da lambar waya. Maigida ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "To, Allah shi kiyaye hanya. Ki ɗauki bargona."

Na so in bar bargon, don nauyi. Da na bar shi, ban san yadda zan kwana ba.

Kabu-kabu ya kai ni Mayahi tun da asuba, hannuwana sun sandare har na kasa kwance bakin zane in biya shi. Daga nan mota zuwa Tasawa, daga Tasawa ta Takeita zuwa Damagaram. Can na kwana a tasha, kuɗin asusu cikin lalita a ƙugu, na kwanta a kansu. Shekarata arba'in da ƴan kai, ban taɓa wuce Damagaram ba, ban taɓa kwana wani wuri ba tare da wani nawa ba.

Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne. Har Tanut, ƙasar Damargu, ana ganin gonaki da rumbuna kamar namu. Bayan Tanut itatuwa suka fara yin nisa da juna, hazo ya rufe ko'ina, rana ta koma kamar farin faranti, kana iya kallonta ido bai yi zafi ba. Direba ya kunna fitila da tsakar rana. Ƙura tana shiga ta ko'ina, har tsakanin haƙora.

Wajen la'asar, kafin mu kai Aderbissinat, motar ta yi wata ƙara ta tsaya. Direba da aparanti suka shiga ƙarƙashinta, suka fito suka ce sai an kawo wani ƙarfe. Babu rezo. Aka ba wata motar kaya da ke wucewa saƙo, muka zauna.

Mu nan muna cewa mun san ɗari. Ɗarinmu akwai danga, akwai ɗaki, akwai karan gero da za a hura. Can babu abin da zai tare iska. Rana na faɗuwa sanyi ya sauko lokaci guda, kamar an buɗe masa ƙofa. Na zo yin alwalar magariba, ruwan buta ya sare ni har cikin ƙashi, na lallaɓa na ƙarasa leɓena na rawa. Cikin motar ma ƙarfe ya ɗauki sanyi, kujera ba ta zaunuwa. Maza suka tattaro busasshiyar ciyawa da kashin raƙuma suka hura wuta gefe guda. Ni na rakuɓe jikin taya da bargon maigida, ina kunyar matsawa.

Wata tsohuwa Ba'abziniya ta hango ni ta yafuto ni. Hausarta kaɗan ce, ni kuwa ko kalma ɗaya ta harshensu ban sani ba. Ta hura ƴar wutarta ta dafa shayi, ta ba ni kofi uku ɗaya bayan ɗaya. Da garwashin ya mutu sai ta baza shi, ta tura rairayi mai kauri a kai, ta shimfiɗa tabarma, ta nuna mini in kwanta. Ɗumi ya riƙa tasowa daga ƙasa. Muka haɗa bargona da nata muka rufa, baya da baya, kamar uwa da ɗiya. Ta ce mini a garinsu, wajen dutsen Bagzam, ana barin ruwa a kwano da dare, da safe a tarar ya zama ƙanƙara. Wani saurayi da ya ji mu ya matso da wayarsa ya nuna mana hoton Ain Sefra ta Aljeriya, inda dusar ƙanƙara ta rufe jan rairayi a watan Janairun 2018. Da a gida aka nuna mini, da na ce haɗi ne.

Ban yi barcin kirki ba. Ina kwance ina lissafi: ni babba ce, ga bargo biyu, ga ɗumin garwashi, ga shayi a ciki, amma haƙorana na kaɗawa. To yaro na goye a bayan buɗaɗɗiyar mota fa, dare bayan dare? Na tuna watan Oktoba na 2013, da muka ji a rediyo an tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Lokacin mun yi salati mun ce mutanen Kance ne. A daren nan na daina cewa haka. Na kuma tuna tarar da na sa aka rubuta.

Ƙarfen ya iso da hantsi. Mun shiga Agadas da yamma, na hango doguwar hasumiyar masallacin nan ta ƙasa da itatuwa a jikinta, wadda nake gani a kalanda. Na ari caji, na kira lambar, mai wayar ya yi mini kwatance.

Tana zaune jikin bango, ƙafafu sun tsage da faso, ɗiyar ta lafe a jikinta, yaron yana numfashi da ƙyar haƙarƙarinsa na shiga ciki. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Yaya, kuɗin asusu…" Na ce, "Rufe mini baki, miƙo yaron." A likita suka ce sanyi ya kama masa huhu, aka yi masa allurai, muka ƙara kwana uku. Dawowa mota ba ta lalace ba. Na naɗe yaron cikin bargon maigida tun daga Agadas har ƙofar gidan kakarsa.

Ga lissafi, tunda kuɗin jama'a ne: mota da magani da abinci sun cinye duka, sai jika 2 da dala 60 da na mayar wa ma'ajiya gaban kowa, magatakarda ta rubuta. Bashin jika 40 yana nan. Wasu sun ce a yafe, ma'ajiya ta ce ba ta yarda ba, ni ma na bi bayanta. An yafe riba da tara, za ta riƙa biyan dala 100 duk mako, kuma ta fara tuyar ƙosai a ƙofar gidana da kaskona.

A taron mako mai zuwa zan kawo shawara a ƙara doka ɗaya: duk wadda ta yi fashin zubi sau biyu, kafin a rubuta mata tara, mata biyu su je gidanta su zauna su ji. Ƙungiyoyin da suka riga suka gwada irin wannan, don Allah ku aiko mana da yadda kuka yi.